Nahawun da ba ya yafe waƙafi

Tun shekarar farko a sashen nazarin harsuna ake cusa mana aƙida guda: mai harshe ba ya kuskure a harshensa. In tsohuwa a Tibiri ta ce maka “hwara ta ci hatsi”, haka za ka rubuta, ba ka da izinin mayar mata da ita “fara”. Aikinka saurare ne da bayani. Mun haddace wannan, mun zuba shi a jarrabawa, har mukan yi wa ƴan sashen adabin Faransanci dariya, su da kullum jan biro ke hannunsu. To, akwai wani mai sauraro da ba a yi wa wannan tarbiyya ba. Ƴan kwamfuta na ce masa kompilatar, ni kau ina ce masa maharhaɗi, don aikinsa shi ne ya karɓi abin da mutum ya rubuta da harshen shirya manhaja, ya harhaɗa shi ya zama abin da inji zai iya gudanarwa. Shi wannan, waƙafi ɗaya ya ɓace, ya tsaya ke nan. Bai san “na dai gane abin da kake nufi” ba.

Memwar ne ya haɗa ni da shi. Ina aiki a kan jam'in sunaye: yadda mota ke zama motoci, taga tagogi, hanya hanyoyi, gida gidaje, ƙasa ƙasashe. Kowa a ajinmu ya san dokar: a nanata baƙin ƙarshe na saiwa, sannan ganɗantawa ta yi aikinta gaban wasalin i ko e, t ta koma c, s ta koma sh. Abin da nake son sani shi ne ko dokokin da aka tsara bisa Hausar Kano, irin waɗanda ke cikin babban nahawun Paul Newman na 2000, za su iya ɗaukar kalmomin da na tattaro lokacin hutu daga bakin tsofaffin ƙauyukan da ke kewaye da Maraɗi. Da hannu, kalma bayan kalma, sai ranar sutanans ta zo ta wuce ban kai rabi ba, kuma ga wanda ke fatan samun gurbin mastar wannan ba abin wasa ba ne. Akwai manhajar da aka yi don irin wannan aiki, sunanta foma, Mans Hulden ne ya fitar da ita. Kana rubuta mata dokokinka, ta gina maka ɗan inji wanda in ka ba shi “motoci” zai ce maka mota ce a jam'i. Wani yayanmu da ya gama shekaru kafin mu shigo ya bar mana kile ɗauke da tushen rubutun manhajar, da wani ƙaramin shiri nasa da ya rubuta da harshen C don yanka matani kalma-kalma, da takardar umarni guda mai suna gina.sh wadda za ta gina su duka a tashi ɗaya. Mu uku muka gaji kile ɗin. Ba wanda ginin ya yi wa aiki a karon farko.

Kafin in shiga cikin saƙonnin, bari in faɗi abin da ya cire mini tsoron baƙin allo, don ina jin zai yi wa ƴan sashenmu amfani. Maharhaɗi ɗan gidanmu ne. Aikinsa hawa-hawa ne kamar darussanmu: da farko ya yanka rubutu zuwa kalmomi, sannan ya duba ginin jimla, sannan ya duba ko kowane suna an san ko wane ne kuma ya dace da gurbin da aka sa shi, daga ƙarshe wani abokin aikinsa, mahaɗi, ya ɗinke gutsattsarin su zama abu guda. Kuma kamar ba ta haɗari ba ce. A 1956 Noam Chomsky ya fitar da maƙalarsa a kan hanyoyi uku na siffanta harshe. A 1959 John Backus ya kawo hanyar rubuta nahawun harshen kwamfuta, Peter Naur ya yi amfani da ita a rahoton ALGOL 60, aka kuma gane cewa daidai take da ɗaya daga cikin nau'o'in nahawun Chomsky. Bishiyoyin jimla da muke zanawa a allo muna ƙorafin ba su da amfani a rayuwa, su ne dai maharhaɗi ke ginawa a cikinsa duk lokacin da aka kira shi. Don haka in saƙo ya fito, tambayar farko ita ce: a wane hawa aka tsaya, kuma wa ke magana? Harsashin umarni ne, wato bash? make ne? gcc ne? Ko mahaɗi, ld? Baki huɗu ne, kowa da irin kukansa, amma duk a allo ɗaya suke zubawa, shi ya sa sabon shiga ke ganin kamar hayaniya ce kawai.

Hayaniyar tana da tsari. Abin da ido ke fara kamawa shi ne layin ƙarshe, tunda shi ya rage a ƙasan allo, kuma shi ne mafi ƙarancin amfani. Layi irin “make: * Error 1” ko “ld returned 1 exit status” sanƙira ne kawai, yana shelar an yi rasuwa, bai san ciwon da ya yi ajali ba. Labarin na can sama, a kuskuren farko. Sau da yawa kuskure guda ne ke haifar da talatin, don da zarar maharhaɗi ya rasa gane wata kalma, duk jimlar da ta dogara da ita ta rushe masa. Shi ya sa ba na gudanar da gini sai na kama maganar a fishiye:

make 2>&1 | tee rahoto.txt

Wannan 2>&1 ɗin yana da dalili. Saƙonnin kuskure ta wata ƙofa daban suke fita, ƙofa ta biyu, in ba ka haɗa ta da ta farko ba sai ka tarar da rahotonka fes, babu komai cikinsa sai labarin alheri. Daga nan sai a nemi kalmar error ta farko da grep. Saƙon gcc kuwa kullum siffa ɗaya gare shi: sunan fishiye, lambar layi, lambar gurbi, sannan ƙorafi. Misali:

yanka.c:41:5: error: expected ',' or ';' before 'return'

A lura da kalmar before. Layi na 41 lafiyarsa lau, a ƙarshen layi na 40 ne alamar ta ɓace. Maharhaɗi bai ankara ba sai da ya ci karo da kalmar da ba za ta iya biyo baya ba. Haka kunnen mutum ma yake. In na ce “rigar da na saya a kasuwar Dole jiya da marece ya yage”, ba ka jin tuntuɓe sai a kan “ya”, alhali abin da ya jawo tuntuɓen na can farkon jimla.

Sai batun harshen saƙon kansa, wanda mu ƴan Nijar ya fi shafa. Yawancin injinanmu da Faransanci aka girka su, da kilabiye AZERTY. Saboda haka abin da ke fito mana shi ne “séparateur manquant”, “référence indéfinie vers”, “Permission non accordée”. Fassara ce mai kyau, waɗanda suka yi ta sun yi aiki. Amma ka kwafi saƙon ka je nema da forfe na dala ɗari, sai ka tarar da amsoshi ƙalilan, alhali in da Ingilishi ne ga su nan birjik. Dabarar ƙarama ce, a sa LC_ALL=C gaban umarnin, sai kowa ya koma magana da Ingilishi na ɗan lokaci. Abin yakan ba ni dariya mai ɗaci: Bahaushe na gina wa Hausa kayan aiki, inji na yi masa faɗa da Faransanci, shi kuma yana roƙonsa ya maimaita da Ingilishi don ya samu mai fassara masa.

Kurakuran da suka fi cin ranmu ba su ma kai ga maharhaɗi ba, a bakin ƙofa suka tare mu, kuma dukkansu na abubuwan da ido ba ya gani ne. Na farko, gina.sh ya ƙi tashi daga kan kile. An ce ba izini. Kile ɗin tsarin FAT32 gare shi, shi kuwa wannan tsari bai da wurin ajiye alamar da ke cewa fishiye kaza ana iya gudanar da shi, ko ka yi chmod sau ɗari ba ta zama. Sai an kwafe dosiyen zuwa cikin injin, sannan chmod +x ya kama. Na biyu, da ya tashi sai ya ce “/bin/bash^M: bad interpreter”. Wannan ^M ɗin gadon keken rubutu ne. A da, sauka sabon layi motsi biyu ne: a maido da kan keken farkon layi, a kuma tura takarda sama. Windows ya riƙe alamun biyu a ƙarshen kowane layi, Linux ya riƙe ɗaya. Wani a cikin waɗanda kile ɗin ya ratsa hannunsu ya buɗe fishiyen a Windows ya adana, sai kowane layi ya samu wutsiya. Injin na neman wani shiri mai suna bash haɗe da wutsiyar, babu shi kau a duniya. dos2unix na yanke ta, sed ma na iyawa in babu intanet ɗin sauko da wancan.

Na uku shi ne na Makefile. A cikinsa, duk layin umarni dole ya fara da tab, ba da fili ba. A ido tab ɗaya da fili takwas abu ɗaya ne. Ƴar ajinmu ƴar Damagaram, da ta ga nata kofin ya lalace, sai aka turo mata abin da ke ciki ta WhatsApp, ta kwafa ta liƙa, tab duk suka narke suka zama fili. Stuart Feldman, wanda ya ƙirƙiro make a Bell Labs a 1976, shi da kansa ya ba da labarin cewa bai canza wannan doka ba saboda a lokacin mutum wajen goma sha biyu sun riga sun fara amfani da shirin, bai so ya ɓata masu aiki. Don kunyar mutum goma sha biyu, yau kusan shekara hamsin ana tuntuɓe har a Yamai. Maganin biyun na ƙarshe umarni ɗaya ne, cat -A, wanda ke tona asirin fishiye: tab ya fito a ^I, wutsiyar Windows a ^M, ƙarshen layi a $. Duk wanda ya taɓa koyar da baƙo karatun Hausa ya san wannan matsala. Mun rubuta “gari” mun bar mai karatu ya zaɓa tsakanin na zama da na tuwo, don tsawon wasali da karin sauti ba su cikin rubutunmu na yau da kullum. Mu muna cikewa da abin da ke kanmu. Inji ba ya cikewa.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na ƴaƴa, kuma shi ko saƙon kuskure bai bayar ba. A ƙarshen gina.sh yayan namu ya jera kalmomin gwaji, kowace a layinta, ana tura su ga flookup, ɗan shirin foma mai duba kalma. Daga littattafan Najeriya ya kwaso su, inda ake rubuta baƙin nan da alamar ɗauri a gaban y. Layin haka yake:

echo 'ya'ya | flookup hausa.bin

Sakamakon da ke dawowa na kalmar “yaya” ne. Ɗan Tawa da muke ɗaki ɗaya, shi lissafi yake karantawa, ya leƙo ya ce, “Kai, mi kaka nema haka tun la'asar?” Na nuna masa. Ya ce in cire flookup ɗin in bar echo kaɗai. Allo ya rubuta yaya. A nahawun bash, alamar nan ba baƙi ba ce, baka ce ta buɗe zance da rufe shi. Ta farko ta buɗe, ta biyu ta rufe, ya haɗiye su duka biyu ya miƙa abin da ya rage. Ƴaƴan mutum sun koma yayansa, ba wanda ya ce uffan. Da a ce alamar ɗaya ce tak, kamar a “jam'i”, da ya buɗe zance ya yi ta haɗiyar layuka har sai ya haɗu da wata a “sana'a” ko “addu'a” can ƙasa. In jimillar alamun mara ce, a ƙarshen fishiye zai yi kuka da “unexpected EOF while looking for matching”, ya nuna maka wurin da ba nan ciwon yake ba. In kuma cika ce, yana iya wucewa da ƙorafin da bai da alaƙa da gaskiyar matsalar, ko ma ya yi shiru.

A nan ƙa'idar rubutun Nijar, wadda aka tsayar a 1999, ta yi mana rana, tunda mu harafi guda muke rubutawa, ƴ mai ƙugiya, bash kuwa bai da ruwa da shi. Amma kada mu yi saurin buga ƙirji, hamzar tsakiyar kalma da alamar ɗaurin muke rubuta ta mu ma. Kuma alamar ba ɗaya ba ce. Akwai miƙaƙƙiya ta kilabiye, U+0027. Akwai lanƙwasasshiya da Word ke sauya maka ba da shawararka ba, U+2019. Akwai kuma U+02BC, wadda Unicode ke ɗauka a matsayin harafi. A takarda da ƙyar ka bambanta su, a wurin inji kalmomi uku ne daban. Abin da muka yi shi ne muka kwashe kalmomin gwaji gaba ɗaya daga cikin takardar umarni, muka zuba su a fishiyensu, kalmomi.txt, flookup na karantawa kai tsaye ba tare da sun bi ta bakin bash ba. Sannan muka sa layin sed guda a farkon aiki mai mayar da alamun uku zuwa ɗaya. Ra'ayina dai, duk mai aiki da matanin Hausa ya fara da wannan kafin komai.

Haruffa masu ƙugiya su ma da nasu. A cikin shirin yankan akwai wurin da aka sa wa wani ma'aji suna “ƙirga”. A injin ɗan Tawa, mai Ubuntu 20.04 da GCC 9, saƙon da ya fito shi ne “stray '\306' in program”, sai wani na '\231' a bayansa. Lambobin nan ba tsafi ba ne. Harafin ƙ a Unicode U+0199 ne, a tsarin UTF-8 kuma bayit biyu yake ci, C6 da 99, waɗanda in an rubuta su da ƙirgan takwas-takwas su ne 306 da 231. Maharhaɗin ya ga baƙi biyu da bai sani ba, ya kira su ɓatattu. Daga GCC 10 ne aka fara karɓar irin waɗannan haruffa kai tsaye a cikin sunaye, don haka a nawa injin, mai Ubuntu 22.04 da GCC 11, wurin ya wuce lami lafiya. In kau ka ga '\342', to kusan kullum alamar zance ce lanƙwasasshiya da aka kwaso daga PDF. Wannan bayit biyun na biyo ka har bayan an gama gini: ka tambayi strlen tsawon “ƙasa”, zai ce maka 5.

Ni ma nawa injin bai bar ni haka ba, ya kama ni ta inda ya saki abokina. Shirin da ya ginu a wurinsa bayan an sauya sunan nan, a wurina sai mahaɗi ya cika allo da “multiple definition of”. Dalili: GCC 10, wanda ya fito a 2020, ya daina yafe wata tsohuwar al'ada ta masu rubuta C, ta ayyana ma'aji a fishiyen kai ba tare da kalmar extern ba, kowane gutsure ya ɗauki nasa kofi, mahaɗi ya haɗe su a ɗaya ba tare da magana ba. Yanzu sai ya ce suna ɗaya, masu shi da yawa. Gyaran gaggawa shi ne a ƙara -fcommon cikin CFLAGS. Gyaran gaskiya shi ne a sa extern a fishiyen kai, a bar ayyanawa a wuri guda. Rubutun yayanmu bai canza ko harafi ba, a zamaninsa daidai yake, kiɗa ne ya sauya. GCC 14 na 2024 ma ya sake ƙara tsanani, wasu abubuwan da a da gargaɗi ne kawai yanzu sun zama kuskure mai tsayar da gini. Mu da muke karanta sauyin harshe mun saba da ƙarni, a nan shekara huɗu ta isa. Tun daga nan, in wani ya ce mini “a wurina yana aiki”, abin da nake fara tambaya shi ne sakamakon gcc --version.

Saura biyu da ake yawan rikitawa. “readline/readline.h: No such file or directory” kukan gcc ne: an ambaci fishiyen kai, bai same shi ba. Mutum sai ya ce ai readline na cikin injin, kuma gaskiya ne, amma a Debian da Ubuntu an raba abin gida biyu, na masu amfani da na masu gini, na biyun ne ke ɗauke da fishiyen kai kuma sunansa na ƙarewa da -dev. Kofin foma da ke hannunmu ya nemi libreadline-dev da zlib1g-dev, ban da flex da bison. Mutum ɗaya ya sauko da su da apt download lokacin da ya samu rezo mai kyau, sauran muka girka da dpkg -i daga kile, aka tsimi mega. Shi kuwa “undefined reference to” kukan mahaɗi ne: an san sunan aikin, an san siffarsa, amma ba a ga jikinsa ba. Wani lokaci ma ɗakin karatun da ke ɗauke da shi na nan cikin umarnin, jeri ne ya ɓaci. Mahaɗi daga hagu zuwa dama yake karatu, kuma abin da aka riga aka nema kaɗai yake ɗauka. In -lz ya zo kafin yanka.c, kamar mai tallan fura ce ta wuce ƙofar gida kafin kowa ya ce yana jin ƙishi, ba ta kuma dawowa. A mayar da shi bayan sunan fishiye, magana ta ƙare.

Akwai kuma na agogo, wanda ba na jin ana yawan gani a ƙasashen da ake sayen inji sabo. Namu na hannu ne, ƙaramin batirin da ke riƙe kwanan wata ya mutu, in an ɗauke kuran kuma babban batiri ya ƙare, sai injin ya farka a wata tsohuwar shekara. make da lokacin fishiye yake gane abin da ya kamata a sake ginawa. In ya ga fishiyen da aka taɓa “gobe”, sai ya ce “Clock skew detected”. A daidaita agogo, a yi make clean, a sake.

Abin da ba na so shi ne maganin gargajiyar da ke yawo a tsakaninmu: komai ya ƙi, a sa sudo a gaba, in bai yi ba a yi chmod 777. Wannan kamar mai ciwon haƙori ne a ba shi maganin shawara. sudo ba ya maido da tab, ba ya yanke ^M, abin da yake yi shi ne ya bar maka fishiyoyi mallakar root a cikin dosiyenka, gobe ka zo gini ba tare da shi ba a ce ba ka da izini a gidanka. Ga takardar umarni da ba ka karanta ba kuwa, ba ta wannan iko ganganci ne. In ana son ganin abin da take yi, bash -x gina.sh na nuna kowane umarni kafin a aiwatar da shi, da abin da kowane ma'aji ya zama. A nan ne muka ga dosiyen ƴar Damagaram mai suna “Mon mémoire” ya rabe gida biyu, saboda an rubuta $DOSIYE ba tare da alamun zance ba, filin da ke tsakiya ya mayar da suna ɗaya biyu. Sai kuma set -e a saman takardar, don ta tsaya a tuntuɓen farko maimakon ta ci gaba da ɗora bulo a kan ramin da ba tushe.

Ita dai ƴar Damagaram ɗin saura kaɗan ta sauya batun memwar ɗinta. Tana aiki a kan fi'ili, bisa azuzuwa bakwai na Parsons, kuma a ajinmu ba wanda ya kai ta kunnen karin sauti. Ta ce mini, “Ɗan uwa, ni ba a yi ni don wannan ba, abin ƴan infomatik ne.” Abin ya dame ni, don abin da ya tare ta ba ilimi ba ne, tab ne da fili a sunan dosiye. In irinta suka ja da baya, to kayan aikin Hausa wasu ne za su gina su a wani wuri, da matanin da suka samu a intanet, wanda galibinsa Hausar jaridu ce. “Munka” da “sunka” da “hwara” sai su zama kurakurai a idon inji, ba don kowa ya yi niyya ba, don dai ba wanda ya shigar da su. Malamin da ke kula da aikina, da na kai masa wannan zance, cewa ya yi, “To, ku rubuta abin da kuka gano, na baya su samu.” Mun buɗe kaye guda, kowane saƙo a shafinsa: yadda ya fito da Faransanci, yadda ya fito da Ingilishi, wa ya faɗe shi cikin bakunan huɗu, da bayaninsa da Hausa. Gardamar da ba mu gama ba ita ce ta kalmomi. Ni na ce mahaɗi, ɗan Tawa ya ce maɗinki ya fi, tunda gutsattsari yake ɗinkewa, ita kuma ta ce duk mu bar wahala mu ce linka kamar yadda za a ce a fada.

Yanzu ginin na tafiya a injina ukun, da takardar umarni ɗaya. Ɗan injin nawa ya san motoci da tagogi da ƙasashe, ya fara kuma nuna mini jam'in tsofaffin ƙauye da dokokin Kano ba su haifarwa, waɗanda su ne naman babi na uku. Inda nake a wannan mako shi ne alamun karin sauti. A rubutuna na fili ina sa alamar faɗuwa a kan wasali, kuma à na iya zama harafi guda, U+00E0, ko a da alama U+0300 a bayanta. Kilabiyen Faransanci na ba da na farko, shirin da na yi amfani da shi wurin rubuta hirarrakin ya ba da na biyu. Dogon wasali mai karin ƙasa kuwa, a da sanda a kai da alamar faɗuwa, ba shi da harafi guda a Unicode, dole a haɗa. Na yanke shawarar warware su duka zuwa sigar NFD kafin su shiga, wasali daban alama daban, don ta haka dokar karin sauti za ta iya kama alamar ita kaɗai ba tare da ta taɓa wasalin ba. Layi uku ne za a ƙara a gina.sh, sai kuma a sake rubuta jerin wasulan da ke saman fishiyen dokoki.